Ajiyar Mutumin Bisau

A cikin ɗaliban da muka zauna tare a Hayyin Ashir, wata unguwa a Alƙahira, ni aka sani da buɗe kayan mutane. Idan zan tafi gida hutu ka kawo mini saƙo a ɗaure, to a gabanka zan kwance shi, ko da yaji ne ko turaren uwargidanka. Haka ma in ajiya ce. Ba ni na ƙirƙiro wannan ba, duk ɗalibin da ya kwana biyu a Alƙahira ya san ba a karɓar abu a rufe, domin ranar da ta ɓaci ba wanda zai tambayi mai kaya, wanda aka samu abin a hannunsa shi ne mai shi. Sai dai ni na ɗan zarce. Abokai har tsokanata suke yi, wai da kwastan suka ɗauke ni aiki da ƙasa ta huta. Ban taɓa jin haushinsu ba. Ni dai ban yarda da mutane ba, kuma a lokacin ina ganin hakan wayo ne.

Sau ɗaya tak na karya ƙa'idar, kuma a wannan karon ne na ci amanar wani bawan Allah.

Bafulatani ne daga Gini-Bisau, dogo, siriri, ya ba ni shekara goma sha biyar ko fiye. Masallaci ɗaya muke salla, wani ɗan ƙarami a ƙasan wani bene, kusa da shagon wata Basudaniya mai sayar da kisra, irin gurasarsu. Tarihi yake karantawa a digiri na biyu. Ba ya jin Hausa, ni kuma Fillancina bai wuce gaisuwa ba, saboda haka da Larabcin littafi muke magana, irin wanda Misirawa ke murmushi in sun ji. Mutumin Bisau muke ce masa. Kafin na san shi, ko a taswira ba zan iya nuna ƙasarsu ba.

Abin da ya fara tsaya mini a rai game da shi ya faru ne a Iskandariyya. Mun haɗu mun ɗauki hayar mota, ɗalibai kusan ashirin, muka je ganin teku da tsohuwar ƙal'ar da ke bakinsa, wato ganuwar nan ta dutse da ake zuwa kallo. Kowa ya shagala da ɗaukar hoto da maganar inda za a ci kifi. Shi kuwa sai na hango shi yana bin jikin bango yana ƙirga taku, in ya kai kusurwa ya tsaya ya rubuta a wani ɗan littafi. Ya zura hannu cikin kafar da ake leƙo bakin igwa. Ya je ya tambayi mai gadi inda rijiya take. Na ce a raina wannan ba yawon buɗe ido ya kawo shi ba.

A hanyar dawowa na koma kusa da shi na tambaye shi me yake rubutawa. Ya ce, "A ƙasarmu ma akwai irinta. Turawan Fotugal suka gina, wasu a bakin teku, wasu a bakin koguna. Namu ƙanana ne." Daga nan ya mayar da kansa taga. Ni kuwa mutumin da ya amsa tambaya da jimla uku ya yi shiru, na fi riƙe shi a rai fiye da wanda ya cika ni da surutu.

Bayan wasu watanni, wata rana an idar da La'asar ana fitowa, sai ya tare ni a ƙofar masallaci rungume da katan. Katan ɗin man girki ne, an naɗe shi da salatif ta ko'ina, an kuma ɗaure da igiya. Ya ce mahaifiyarsa ba lafiya, gobe zai tashi, abokan zamansa kuma za su bar gidan da suke a ƙarshen wata, ba shi da inda zai bar shi.

"Ustaz," ya ce, "an gaya mini kai ne ba ka wasa da kayan mutane. Takardu ne kawai. Wata biyu in sha Allah. Abu ɗaya nake roƙo, kada ruwa ya taɓa su."

Ga mutane tsaye suna saka takalma, ga shi ya girme ni, ga zancen uwa a kwance, ga yabon da ya fara da shi. Ta yaya zan ce masa, Malam, yanka salatif mu gani? Kunya ta kama ni, na miƙa hannu na karɓa. Yana da nauyi.

Da na hau da shi hawa na huɗu, matata ta buɗe ƙofa ta dubi katan ta dube ni. Ta ce, "Malam, yau kai ne da kaya a rufe? Lalle akwai magana." Na ce ta bari kawai. Ta share saman kabad, muka ɗora shi can, nesa da taga.

Wata biyu suka wuce, huɗu suka wuce. Lambarsa ba ta shiga. Na tura saƙo ya fi a ƙirga, ba alamar ya isa. Na shiga tambaya a masallaci, kowa sai ya ce ai ni ya ɗauka ne abokinsa. Na je gidan da ya zauna, na tarar da wasu mutane daban. Mutum ya yi ɓatan dabo, ya bar mini katan a saman kai. Duk sanda na kwanta rigingine shi nake fara gani.

A wata na shida aka fara raɗe-raɗin ana zagayawa gidajen baƙi ana duba takardun zama. Wannan ya ce an shiga benen su wane, wancan ya ce ƙarya ne, amma kowa ya rage fita. Ni kuma a daidai lokacin iƙamata, wato takardar zamana, ta ƙare, na miƙa fasfo don sabuntawa, ba abin da ke hannuna sai 'yar takardar shaida. Saura mini shekara ɗaya in gama. In aka mayar da ni gida a wannan gaɓar, ban san da wane ido zan dubi mahaifina ba.

Wata safiya na sauko sayen burodi, sai mai gadin benenmu, wanda muke kira bawwab, ya ce daga kan bencinsa, "Ya shekh, mai katan ɗin nan bai dawo ba har yanzu?"

Wata shida da shigowa da kaya, mutumin nan yana riƙe da lissafinsa. Na ce masa littattafai ne. Ya ce, "Tamam, tamam," yana murmushi. Yau in na tuna, na san bawwab a Alƙahira ba ya manta ko ledar tumatir da ta wuce ta gabansa, kuma wataƙila hira kawai yake nema. Amma a ranar na hau bene ina tambayar kaina wa ya aiko shi.

Na shiga na ɗauko wuƙar kicin. Matata ta ce, "Amana ce fa, Malam." Na ce amanar da ban san cikinta ba, ta iya zama ita ce za ta kai mu filin jirgi. Na sauko da katan ɗin na yanka.

Manyan takardu ne a nannaɗe, sun kai talatin, da littattafan rubutu guda biyar, da hotuna a cikin leda. Na baje ta farko a kan tabarma. Zanen hannu ne, tsaf-tsaf. Bango mai kusurwa huɗu, kowace kusurwa ta fito da tsini. An sa alamar igwa a wurare, da kibiya mai nuna inda kowace ke kallo. An rubuta yawan taku daga nan zuwa can, da kaurin bango, da inda rijiya take. A ƙasa an zana kogi, an nuna inda ruwa ke kaiwa in ya cika da inda yake komawa in ya janye, da wurin da kwalekwale zai iya tsayawa. Akwai wata ƙaramar ƙofa ta ɓangaren ruwa da aka zagaye da jan biro. A saman kowace takarda an rubuta bismillah da kyakkyawan hannu, a ƙarƙashinta sunan wuri da boko: Bisau, Kasheu, Farim, da wasu da ban taɓa ji ba.

Na ɗauki waya na nemi na farkon. Abin da na gani ya ƙarasa ni: ganuwar Bisau tsohuwa ce, gaskiya, amma har yanzu sojojin ƙasar ne a cikinta. Ƙasar kuma, kamar yadda na karanta a ranar, ba baƙuwar juyin mulki ba ce. Na koma kan hotunan, sai ga ɗaya da soja tsaye a bakin ƙofa, an ɗauka daga nesa. Littattafan rubutun kuwa ajami ne, amma ba Hausa ba, ba Larabci ba. Ina iya furta haruffan, ban san me suke cewa ba. Shafi bayan shafi, layi-layi, ga dukkan alamu sunaye ne. Na ce shi ke nan, ga taswirar bariki, ga hanyar shiga ta ruwa, ga jerin mutanen da za su yi aikin.

Kwana uku ina kan takardun nan. In na dawo daga darasi sai in rufe taga in baje su. Ban taɓa yi wa wani littafi irin karatun da na yi musu ba, har da waɗanda aka jarraba ni a kansu. Kullum sai na gano wani sabon abu da ke ƙara tabbatar mini da abin da na riga na yanke.

Matata ta leƙa sau ɗaya. Ta ce, "Yanzu mai shirya juyin mulki ne zai fara da bismillah?" Na ce har ɓarawo ma yana yi. Ta ce to wannan gini da ciyawa ta fito a kansa, wane soja ne a ciki? Na ce ai ba duka ba ne, sauran na ɓad da sawu ne. Ta ce in kai wa wani malami a sashensu ya duba, ko in nemi 'yan ƙasarsu, ba za a rasa ba. Na ce in ɗauki wannan in shiga mota da shi, ba fasfo a aljihuna? Kuma duk wanda na nuna wa ya zama shaida a kaina. Ta ce, "To mayar ka rufe, ka bar wa Allah." Wannan ce shawarar da ta fi kowace sauƙi, kuma ita ce na kasa.

Sai tunanin yadda zan rabu da su. Ƙonawa ba ta yiwuwa a hawa na huɗu, hayaƙi zai tara mana jama'a. Zubawa a shara ma ba ta yiwuwa, domin masu kwasar shara a garin nan da hannu suke tsince ta ɗaya bayan ɗaya. Ban da haka, akwai sunan Allah a kan kowace takarda, ni kuma ɗan makarantar allo ne, hannuna ba zai iya jefa bismillah cikin ɓawon albasa ba. Dubi irin tsoron Allahn nawa. Na ɗauko almakashi na zauna, na bi su ɗaya-ɗaya ina yanke kan kowace a hankali don kada in taɓa harafi. Na tara yankakkun a ambulan, na sa cikin wani kundin tafsiri.

Sauran na kai banɗaki. Na tara ruwan ɗumi a bahon wanki. Littattafan sunayen na fara sakawa, domin su na fi tsoro. Tawada ta tashi, ruwan ya koma shuɗi. Na tuna roƙon da ya yi mini a ƙofar masallaci, na tuna sarai, amma ban tsaya ba. Na bi da manyan takardun, na yayyaga hotunan na haɗa. Da suka jiƙu na dama su da hannu, na matse, na dunƙula kamar fura. Kwana huɗu ina fitar da su kaɗan-kaɗan a cikin sharar kicin.

Matata ta ce ita ba hannunta, kuma ba ta sa ba. Ta yi kwana biyu ba ta ce mini komai ba sai abinci ya sauka. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, sakayau na ji. Katan ɗin da babu komai a ciki na mayar saman kabad. Ba wanda ya zo duba benenmu, a watan ko bayansa. Iƙamata ta fito lafiya.

A wata na tara, ranar wata Talata, na sallame sallar Azahar na juya hagu, sai ga shi a ƙarshen sahu. Ya rame, ya yi duhu. Ya taso ya rungume ni. Mahaifiyar ta rasu bayan doguwar jinya, sannan damina ta rufe hanya, sannan rabon gado. Wayarsa kuma ta faɗa kogi daga kwalekwale tun makon farko, da lambobin kowa a ciki. Na yi masa ta'aziyya. Kuma ko a lokacin, ina riƙe da hannunsa, wani ɓangare na zuciyata yana cewa waya a kogi, labarin ya yi daidai da yawa. Ya ce gobe bayan La'asar zai zo ya rage mini nauyi.

Ya zo da ledar ƙwallon kashu, tsaraba. Matata ta ajiye shayi a bakin ƙofar falo ta koma ciki. Na sauko da katan na ajiye a gabansa. Ya sa hannu zai ja, ya ji ba nauyi, ya ɗago ya dube ni.

Da na san abin faɗa, da na fara da neman gafara. Amma sai na fara da tuhuma, domin ita na iya. Na ce, "Malam, me ya haɗa ka da barikin soja?"

Bai gane ba da farko. Da na yi masa bayani, sai ya ce eh, ta Bisau akwai sojoji a ciki, kowa ya sani, daga waje ya zana ta, cikin kuma daga wani tsohon littafi ya kwafa. Ta Kasheu ƙarama ce, an shafe ta da farar ƙasa, duk mai so yana shiga. Sauran na can sama cikin koguna, wasu ba abin da ya rage sai guntun bango a cikin daji, mutanen ƙauyen ma sai tsofaffi suka san mene ne. Rani takwas ya yi yana bin su, kafin ya zo Masar da kuma lokutan hutu. Ƙaramar ƙofar da ya zagaye da ja, ta nan ake fitar da bayi zuwa jirgin ruwa. Sannan ya ce, "Suna ina?"

Na gaya masa. Ban rage komai ba, har bahon, har ruwan ɗumin.

Ana jin mai sayar da gas yana buga tukunya a ƙasa. Can ya ce, a hankali, kamar yana yi wa kansa bayani, ya kawo su Masar ne saboda a gida laima da gara ba sa barin takarda. Manyan zanen ya ɗauki hotonsu a waya, wayar da ke cikin kogi. Littattafan kuwa bai taɓa kwafa ba, yana jira ya dawo.

Na ce sunayen su wane ne a ciki.

Ya ce duk ƙauyen da ke kusa da ganuwa, yakan zauna da tsofaffi, yawanci mata. Akwai gidajen da har yau suke riƙe da sunan wanda aka kama daga zuriyarsu, kaka ta gaya wa jika, da sunayen garuruwan da aka kwashe har suka mutu. Ba a rubuce suke a ko'ina ba. Wata tsohuwa sai da ya je mata sau uku kafin ta yarda ta faɗa. Shi ne ainihin aikin, zanen bangon rakiya ne kawai. Ya ce, "Da yawa daga cikinsu sun rasu. A wannan zuwan ma na tarar babu biyu."

Na tashi na ɗauko ambulan daga cikin tafsirin na miƙa masa, ban san dalili ba. Ya buɗe, ya ga yankakkun bismillah da hannunsa. Ya ce, "Ka girmama sunan Allah." Na bincika fuskarsa in ga ko gatse ne, ban samu komai ba. Da ya zage ni, ko ya ɗaga murya, da na fi samun sauƙi. Kunyar da na ji ban taɓa jin irinta ba, kuma har yau ba ta sake ni ba.

Na fara cewa ya yafe mini. Ya ɗaga hannu. "Ma'alish, bar wannan tukuna. Ka ce kwana uku ka yi kana duba su?"

Na ce eh.

"To ban da ni, kai kaɗai ne ka taɓa duba su haka. Kawo takarda."

Na yago daga littafin darasina. Ya zana kusurwa huɗu, ya ce wannan ta can saman kogi ce, wadda ba ta da hoto a ko'ina, me na tuna? Abin mamaki, na tuna. Na ce igwa uku ne ke kallon ruwa, ɗaya na kallon daji. Na ce rijiyar tana kusa da kusurwar gabas, ba a tsakiya ba. Na ce bangon ɓangaren kogi ya fi sauran kauri, na faɗi yawan takun da ke tsakanin ƙaramar ƙofa da wurin tsayawar kwalekwale. Yana rubutawa da sauri, yana gyaɗa kai. Muka yi ta biyu, muka yi ta uku. A wani wuri ma ni na gyara masa, ya yi tunani ya ce gaskiyata. Shayi ya huce ba wanda ya taɓa. Har ya ɗan yi murmushi, ni ma na fara jin kamar akwai abin da zan iya mayarwa.

Sai ya juya takardar, ya ja layi a sama, ya gyara riƙon biro.

"Yanzu sunayen," ya ce. "Ka iya ajami, ka karanta su. Ko ba ka san ma'ana ba, faɗi yadda ka ji su a bakinka. Ko guda ɗaya, zai jawo mini sauran."

Na rufe ido. Ina ganin shafin, ina ganin layukan, har inda tawada ta ɗan zuba a gefe. Na buɗe littattafan sau da yawa a kwanakin nan uku, amma ƙirga sunayen kawai na yi ta yi, don in san mutum nawa ke cikin shirin. Ban tsaya na karanta ko ɗaya ba.

Ya jira ni, biro a kan takarda, har aka kira Magariba. Sannan ya ninke takardun ya sa a aljihu, ya ce mu sauka kada mu rasa jam'i.